Rakiya Har Turken Duniya

Matuƙan jiragen ruwa na dā sun ce a can ƙarshen teku ta arewa, inda ruwa kan daskare har a taka shi da ƙafa, akwai wani turke da aka ɗaure duniya a jikinsa, tana ta kewaya shi kamar akuya a bakin igiya. Sun ce a gindin turken akwai birnin aljanu, ganuwarsa da sorayensa duk na ƙanƙara. Jirage da yawa sun tafi nemansa, labarinsu bai dawo ba balle su. A cikin waɗanda suka tafi har da wasu 'yan'uwa biyu daga Tungar Gwadabe, a bakin Kwara. Ɗaya ya tafi da niyya, ɗayan kuwa ko takalmi bai sa ba.

Ƙaramin shi ne Tunau. Allah bai halicce shi da zama ba. In ya zauna ƙafarsa ta dama sai ta yi ta rawa kamar ta masaƙi a bakin aiki, in ya kwanta sai tabarma ta wayi gari a wani ɗakin. Ya yi kamun kifi, ya yi fatauci, ya yi tuƙin kwale-kwale, kowanne kafin ya iya ya gaji da shi. Babban kuwa, Nomau, manomi ne mai sanyin hali, wanda in ka bar shi a gindin bishiya da hantsi, nan za ka tarar da shi da la'asar. 'Yan gari kan tsokane shi su ce rakiya ya zo yi duniya, shi kuwa sai ya yi murmushi.

Mahaifinsu da zai rasu ya bar musu gona ɗaya da wata ƙa'ida ɗaya. Ƙa'idar ita ce, a gidansu ɗan rakiya ba ya juyawa don kansa, sai matafiyi ya tsaya ya ce masa, "Koma haka nan, rakiya ta yi, na gode." Nomau ya riƙe maganar nan kamar farilla.

Wata safiya ƙafar Tunau ta motsa, ya ce zai bi Kwara ya ga inda ta ƙare. Lokacin Tasalla, matar Nomau, ta gama dama wa mijinta fura ke nan. Nomau ya miƙe ya ce, "Rufe min da faifai, yanzu zan dawo. Tsamiyar bakin gari kawai zan kai shi."

Da suka iso tsamiya Nomau ya rage tafiya. Tunau ya gani sarai, sai ya ce, "Af, Yaya, na taɓa ba ka labarin kadan da ya haɗiye gangar Sarkin Ruwa?" Kafin labarin ya ƙare sun wuce gonaki. A mashaya Nomau ya sake rage tafiya, Tunau ya jawo wani labarin. Gaskiyar magana, Tunau yana son tafiya amma yana tsoron kaɗaici, kuma duk duniya babu kunnen da ke saurarensa irin na wansa. Kullum sai ya ce a ransa, gobe zan sallame shi. Shi kuwa Nomau kunya ta hana shi buɗe baki ya ce wa ƙanensa sallame ni. Kawaici abu ne mai kyau, amma in ya yi yawa ciwo ne.

Haka suka bi kogi, gari ya ba gari, har ruwa ya yi gishiri, ƙasa ta ƙare. A nan suka tarar da wani jirgi na katako, tsayinsa ya fi rimi, da jigajigai uku ɗauke da filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgi. Sarkin jirgin wani Balarabe ne mai kunne ɗaya, ana kiransa Mabaruku. Yana tsaye yana shela wai yana neman maza masu zuciya, zai je ya taɓa turken duniya da hannunsa.

Tunau bai bari ya rufe baki ba ya ce da shi za a je. Ya juyo ya ga wansa tsaye a bakin ruwa, ƙafa duk faso, yana kallon hanyar da suka fito. Maganar sallama ta zo masa har leɓe, sai ya haɗiye ta, ya ce, "Yaya, shigo ka ga cikinsa kawai." Suna cikin kallon igiyoyi aka janye anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, aka tashi.

Teku ba Kwara ba ce, wannan Tunau ya gane shi tun kafin ƙasa ta ɓace. Wata guguwa ta same su ta karya jigo ɗaya, ta tafi da mutanen da ke kansa, ko ihunsu ba a ji ba. Bayanta hazo ya rufe su, na gaban jirgi ba ya ganin na baya. Da hazon ya yaye sai ga sanyi, irin wanda in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Sai duwatsun ƙanƙara suka fara bayyana, farare masu shuɗin ciki, suna yawo a kan ruwa ba mai tuƙa su. Wani ya gogi gefen jirgin ya sassaƙe katako kamar an sa gizago. Allurar da Mabaruku ke duba hanya da ita ta haukace, ta yi ta juyi a cikin akwatinta ta ƙi tsayawa.

Sa'an nan rana ta ƙi faɗuwa. Sai ta gangaro kamar za ta shige, ta shafi bakin ruwa, ta sake hawa. Limamin jirgi ya rasa azahar ya rasa la'asar, ya koma kiran salla da kintace. Barci ya ƙaurace wa kowa. Mutane suka yi ta kai da kawowa a kan jirgi, ido jawur, suna faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abinci ya koma busasshiyar gurasa da naman gishiri, dasashin mutane ya kumbura ya yi baƙi, haƙora suka fara girgiɗa, tsofaffin tabo suka buɗe suka koma ɗanyen ciwo.

Ana cikin haka ruwa ya haɗe. Ƙanƙara ta kama jirgin ta gaba da baya, ta shiga matsa shi, katakai suna nishi kamar saniya mai naƙuda. Suka fita da gatura suka sara, abin da suka sare kafin su huta ya koma. Mabaruku ya tara su ya ce, "Ba zan ɓoye muku ba. Ranar nan da kuke tsine wa, in ta faɗi ba za ta sake fitowa ba sai bayan watanni. In duhun nan ya same mu a nan, jirgin nan shi ne kabarinmu."

Tunau ya sauka cikin jirgi wajen wansa. Nomau yana kwance cikin buhuna, sanye da takalman wani da ya mutu, waɗanda suka yi masa yawa. Da Tunau ya cire su sai ya ga yatsun sun yi fari fat, sun ƙandare. Nomau bai ma san an taɓa shi ba. Idonsa a rufe yana cewa, "Tasalla, kar ki buɗe faifan nan, ƙuda zai faɗa."

Abin ya soki Tunau a zuciya. Shi ya jawo bawan Allahn nan daga gindin tsamiya zuwa nan, in ya mutu shi ya kashe shi. Ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya naɗe jikinsa da bargo, ya dira kan ƙanƙara, ya nufi arewa, ana kiransa bai waiwaya ba.

Ya yi ta tafiya cikin farin fili, ba bishiya ba tsuntsu. Wani wuri ƙanƙarar ta tsage a gabansa, baƙin ruwa ya buɗe baki, ya tsallake da ƙyar. Wani wuri ya wuce wasu dabbobi kwance masu kama da ayu, suna binsa da ido. Hasken ƙanƙara ya dinga sukar idonsa har ya koma tafiya yana runtse da su. Da ya buɗe sai ya ga wata farar dabba tsaye a gabansa, ta fi bijimi girma, kanta kamar na kare, faratanta kamar lauje.

Dabbar ta ce, "Tsaya nan, ya kai mai ɗumin jini. Wa ya ba ka izinin taka shimfiɗar Sarki Daskarau?"

Tunau kuwa bakinsa bai taɓa mutuwa ba. Ya durƙusa ya ce, "Salamu alaikum, ya dogarin Sarki. Baƙo ne ni, baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa. Ɗan'uwana yana bakin mutuwa, na zo neman ceto."

Dabbar ta shinshina shi ta ce, "Ka yi sallama, don haka ba zan ci ka ba. Hau bayana. Amma ka sani, shiga gaban Sarki ta fi fita sauƙi."

Ya hau, ta zabura, kafin ya gyara zama sai ga ganuwa ta tsaya a gabansu, rana na ratsa ta kore da shuɗi. Suka shiga ta wata ƙofa. A farfajiyar fada Tunau ya ga mutane birjik, farare da baƙaƙe, da tufafi iri-iri, duk sun daskare. Wasu a zaune, wasu kuwa sun rabu da kujera rabi, kamar waɗanda aka kira suna shirin amsawa. A tsakiyar fadar ga turken, ya tashi sama ido bai ga ƙarshensa ba, yana wani gunji a hankali kamar dutsen niƙa. Abin da Mabaruku ya ɓatar da mutane dominsa ke nan, amma Tunau ko kallo na biyu bai yi masa ba.

A gindin turken Sarki Daskarau yake zaune. Gemunsa ya zubo har ƙasa, duk tsinin ƙanƙara, in ya yi magana sai su yi ta kaɗawa suna ƙara. Ya nuna wata kujera ya ce, "Zauna, ya ɗan Adam. A ƙasarmu ba a faɗin buƙata sai an gama gaisuwa. Wanda ya miƙe kafin a gama, ya raina mu, sai ya daskare a inda yake. Wanda kuma ya zauna har kujera ta kama shi, ya zama namu. Waɗancan da ka wuce, duk a gaisuwa suka tsaya."

Tunau ya zauna, sanyi ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa.

Sarki ya ce, "Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ranka ya daɗe."

"Yaya ka baro ƙasarku?"

"Lafiya lau, Allah ya ja zamaninka."

"Yaya kogin da ka sha? Yaya kifayen cikinsa, manya da ƙanana?"

Haka Sarki ya bi, ya gai da gero, ya gai da dawa, ya gai da rumbu da ɓeran cikinsa, ya gai da kakannin Tunau ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin tambaya da tambaya sai ya yi shiru har mutum ya ɗauka ya yi barci. Ran Tunau ya kusa fita don ƙagara, sau da yawa ya ji kamar ya tashi ya zura da gudu, sai ya tuna da yatsun Nomau ya danne. Amma ƙafar nan tasa ta dama ba ta san Sarki ba. Tun da ya zauna take rawa, tana jijjiga shi gaba ɗaya, duk sanda ƙanƙara ta fara kama shi da kujera sai ta tsattsage ta zube. Halin da uwarsa ta yi ta dukansa a kai tun yana yaro, shi ya cece shi ran nan.

Can Sarki ya ce, "Madalla. Tun da aka kafa turken nan ba wanda ya kai ƙarshen gaisuwarmu sai kai. Faɗi buƙatarka."

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ka saki jirginmu, ka ba mu maganin ciwon baki. Ba na son komai daga dukiyarka, so nake in mai da ɗan'uwana gida."

Sarki ya sa aka kawo masa wani ɗanyen ganye mai tsami, wanda ke tsirowa a ƙarƙashin ƙanƙara, aka cika masa bargonsa. Ya ce, "Jirginku ya saku. Kuma tun da ka girmama mu, za mu girmama ka. Ni da kaina, da 'ya'yana da jama'ata, za mu raka ka."

Kan Tunau ya kumbura. Ya faɗi ya yi godiya, yana ta tunanin yadda zai ba da labarin nan a Tungar Gwadabe.

Ko da farar dabba ta sauke shi a gindin jirgi, ƙanƙara ta riga ta tsage, hanya ta buɗe ta yi kudu. Aka tauna ganye, dasashi ya lafa, mutane suka hau igiya suka saki filafilai. Mabaruku ya so ya yi gardama a kan turke, jama'a suka zuba masa ido gaba ɗaya, ya haɗiye maganarsa. Jirgi ya juya. Sai ga duwatsun ƙanƙara sun jeru dama da hagu da baya, a kan kowanne aljanu tsaye cikin fararen riguna, Sarki Daskarau a kan mafi girma, daf da bayan jirgi.

Tunau ya samu abin da yake so. Ya kafa zama a bayan jirgi yana zuba wa Sarki labari, na kada, na fatake, na ƙarya da na gaskiya, Sarki yana kaɗa gemu. Wani lokaci dutsen Sarki ya kan rage tafiya, sai Tunau ya ɗaga murya ya ce, "Af, ranka ya daɗe, ban ba ka na makauniyar dorina ba!" Sai dutsen ya sake matsowa.

Suka fita daga ƙasar da rana ba ta faɗuwa, dare da rana suka koma yadda Allah ya tsara su. Kowa ya sa rai da ɗumi, ɗumi bai zo ba. Duk inda jirgin ya bi sanyi na biye da shi. Igiyoyi suka zama kamar ƙarfe, suna yanke tafin hannu. Filafilai suka ƙandare, iska ta buga su sai su tsage. Tsuntsayen da suka zo wucewa suka riƙa faɗowa kan jirgi matattu. Aka ƙone akwatuna, aka ƙone gadaje, aka fara ɓamɓarar katakon jirgin kansa ana jin ɗumi. Limamin jirgi ya rasu, mai dafa abinci ya bi shi. Ciwon ƙafar Nomau ya wuce yatsu ya hau, har Mabaruku ya sa wuƙa a wuta ya yi abin da ba makawa sai an yi, ya yanke ƙafa biyun duka. Nomau bai yi kuka ba, Tunau ne ya yi.

Mabaruku ya shaƙi wuyan Tunau ya ce, "Aljanin nan naka yaudararmu ya yi! Ya sake mu ne don ya kashe mu a hanya." Ya sa aka harba igwa. Harsashin ya shige cikin dutsen ƙanƙara kamar an jefa tsakuwa a rijiya, aljanun ko motsi ba su yi ba. Aka yi addu'o'i, aka yi turare, aka sauya hanya gabas, aka sauya yamma. Duk inda suka juya rundunar ta juya.

Tunau ya daina ba da labari. Ya yi ta zagaye jirgin, ya hau ya sauka, ya rasa inda zai sa ransa. Wata rana da hantsi Nomau ya farfaɗo, ya ce a fitar da shi ya ga rana. Tunau ya goya shi ya kai shi bayan jirgi ya jingine shi. Numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, leɓensa ya yi shuɗi, duk wanda ya gan shi ya san in sanyin nan ya ƙara kwana biyu ba zai kai ba.

Nomau ya daɗe yana kallon rundunar. Duwatsun sun rage girma, ruwa na zuba daga jikinsu. Wasu da aka taso da su babu su, sai fararen riguna suna yawo a kan teku. Sarki Daskarau ya rame, gemunsa ya koma rabi, yana ɗiga.

Nomau ya ce, "Tunau, mutanen nan mutuwa suke yi."

"Su mutu mana, Yaya! Su suka kashe mu."

"A'a. Dubi Sarkin da kyau. Ka ga yadda yake yi? Ya dube ka, ya waiwaya baya, ya sake duban bakinka." Ya yi tari, ya huta. "Ba mugunta ba ce, ƙanena. Rakiya ce. Jira yake a sallame shi."

Tunau ya ce, "Yaya aka yi ka sani?"

Nomau ya ce, "Na san waiwayen. Tun daga tsamiya nake yin sa."

Bai faɗa da zafi ba, da ma ya faɗa da zafin da ya fi sauƙi. Kunya da baƙin ciki suka rufe Tunau, ya ji kamar jirgin ya tsage ya shige. Ya miƙe ya kama katakon bayan jirgi, ya ɗaga murya.

"Ya Sarki Daskarau, mai turken duniya! Koma haka nan. Rakiya ta yi, na gode. Allah ya huta gajiya, a gai da mutanen gida."

Nan take rundunar ta tsaya cik. Sarki ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kaɗa filafilan jirgi. Ya ce, "Ya ɗan Adam, ka daɗe ba ka faɗa ba. Mun ɗauka a bakin ganuwa za ka sallame mu. 'Ya'yana bakwai na fito da su, da uku zan koma. Ba mu riƙe ka da laifi ba, al'adarmu ce ta ɗaure mu, ba kai ba. Amma ka ji wannan daga bakin tsoho: wanda ya biyo bayanka don girmamawa, ransa a harshenka yake. Sauka lafiya."

Duwatsun suka juya suka yi arewa. Kafin azahar igiyoyi sun saki, ruwa na ɗiga daga filafilai, mutane suka tuɓe barguna suka baje a rana suna kuka suna dariya. Jinin fuskar Nomau ya dawo kaɗan-kaɗan. Tunau ya durƙusa a gabansa zai yi magana, Nomau ya ɗaga hannu ya ce, "Ba a nan ba. In ka sallame ni a tsakiyar teku, ina zan bi?"

Jirgin ya lallaɓa da jigo biyu da rabin mutanensa har ya kai inda Kwara ta faɗa teku. Daga nan Tunau ya ɗauki wansa. Inda akwai kwale-kwale ya tuƙa, inda babu ya goya. Bai ba da labari ko ɗaya ba a hanyar nan, garuruwan da a dā zai tsaya ya leƙa kasuwarsu duk ya wuce su kai a sunkuye.

Da suka iso tsamiyar bakin gari, Nomau ya ce, "Sauke ni." Tunau ya zaunar da shi a kan saiwa. Ga rufin ɗakunan Tungar Gwadabe ana hangowa, ga gonarsu ta zama daji. Tunau ya tsaya a gabansa, hawaye na zuba, ya ce, "Yaya, koma haka nan. Rakiya ta yi. Na gode."

Nomau ya ce, "To, madalla. Allah ya kiyaye hanya." Ya dubi gari, ya dubi dungulmin ƙafafunsa da ke naɗe da tsumma, ya ce, "Sai dai da wace ƙafar zan koma?"

Tunau ya juya masa baya ya durƙusa. "Hau, Yaya. Ni zan raka ka."

Haka suka shiga gari, yara na binsu, manya na salati. Tasalla tana tsakar gida tana sussuka. Dangi sun yi sun yi da ita ta yi takaba ta ƙi, ta ce mutumin da ya ce yanzu zai dawo bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta saki taɓarya, ta dubi mijinta, ta dubi inda ƙafafunsa suke a dā, ta toshe baki da zane. Da ta samu kanta sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar nan, faifan na kanta, abin da ke ciki ya bushe ya zama kamar yumɓu. Ta ce, "Ga ta nan, Malam. Ban buɗe ba."

Tunau ya shimfiɗa wa wansa tabarma a zaure, ya gyara masa zama. Sa'an nan ya koma bakin ƙofa ya tsaya, yana jiran abin da ake ce wa ɗan rakiya. Iskar kogi ta buso, ƙafarsa ta dama ta fara rawa, idonsa ya tafi kan hanya. Nomau ya gani sarai. Ya kurɓi sabuwar furar da aka dama masa, ya goge baki, ya ce, "Af, Tunau, na taɓa ba ka labarin shekarar da fara ta cinye mana gero?"

Tunau ya dawo ya zauna. Washegari ya ɗauki fartanya ya tafi gona. 'Yan Tungar Gwadabe sun ce har ya yi furfura ƙafar nan ba ta daina rawa ba, kuma kullum da yamma sai ya tsaya a bakin zaure yana kallon hanya. Nomau kuwa, mutumin da a dā sai ya wuni bai yi magana goma ba, har ya koma ga Allah labari bai taɓa ƙare masa ba.